Ƙashin Da Ke Gefen Ƙaramin Yatsa

Sunana Amatullahi, a gida Amatu ake ce min. Abin da zan faɗa muku yau ban taɓa faɗa wa ko ƙawa ba, kuma na zaɓe ku ne saboda ba ku san fuskata ba, ba za ku nuna ni da baki a gidan biki ba. Ku karanta a hankali, don ni ma a hankali nake rubutawa.

Mahaifina shi ne Malam Audi Maɗori. Duk wanda ya taɓa faɗowa daga babur ko daga kan bishiya a ɓangarenmu na Daura ya san zaurenmu. Tun ina rarrafe nake ganin ana shigo da mutane a kan tabarma, ana fita da su da hannu ko ƙafa a naɗe cikin kara da tsumma. Baba ba ya da yawan magana. Yakan sa babban yatsansa ya bi ƙashi a hankali, idonsa a rufe, sai ka ji ya ce, "Ga ta nan." Ba a cika samun ya yi kuskure ba.

Ni kuwa makarantar koyon aikin lafiya na shiga, ɓangaren ɗaukar hoton ƙashi. A shekarar farko aka ɗora mana haddar sunayen ƙasusuwan jikin ɗan Adam da yaren likitoci, guda ɗari biyu da shida. Akwai ƙwarangwal na roba a rataye a kusurwar ajinmu, ɗalibai suka sa masa suna Angon Aji, har wani lokaci a ɗora masa hula. Da yamma in na dawo sai in cire farin hijabina, in ɗaura zane, in zauna a bakin zaure ina bita da ƙarfi. Baba yana feƙe kara yana saurare.

"Me kuke ce wa ƙashin cinya?"

"Femur, Baba."

"Ƙwauri fa?"

"Biyu ne a wurin. Babban tibia, siririn fibula."

Sai ya gyaɗa kai. "Na san biyu ne. Sunan ne ban sani ba. Muƙamuƙi fa?"

"Mandible."

"Allon kafaɗa?"

"Scapula."

Yakan yi murmushi ya ce sunayen sun yi kama da sunayen garuruwan da ba zai taɓa zuwa ba. Wannan zaman na bakin zaure shi ne kaɗai lokacin da nake ganin haƙoran Baba, domin gidanmu gida ne da aka daina dariya a cikinsa shekara tara da suka wuce.

Ina da wa guda ɗaya, Yaya Harisu, ɗan farin Inna. Fataucin dabbobi yake yi shi da amininsa Sada, mutumin Baure. Tare suke cin abinci, tare suke kwana a shagon ƙofar gidanmu, har ɗinki iri ɗaya suke yi da salla. Wata ranar kasuwa suka kora shanu suka nufi garin Babban Mutum, an ga sun sayar, an ga sun hau babur ɗaya sun kamo hanyar gida. Daga nan babu wanda ya sake ganin ko ɗayansu. Ina da shekara goma sha uku a lokacin. An nema har cikin Nijar, an yi cigiya a rediyo, an yi sauka. Da aka gaji, sai gari ya yanke nasa hukuncin: wai Sada ne ya kashe Harisu ya gudu da abin da suka samo. Babu wanda ya gani, amma kowa ya faɗa, har maganar ta zauna.

Inna ba ta taɓa kuka a gabanmu ba. Kun san ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "yayanki". Amma duk Juma'a sai ta share shagonsa, ta kakkaɓe shimfiɗa, ta sa turaren wuta, ta ja ƙofa. Takalminsa na roba yana nan a bakin ƙofar, inda ya cire shi. Wani lokaci in na wuce da rana tsaka sai in ji kamar an yi gyaran murya a ciki. Na san babu kowa. Duk da haka sai na ɗaga ƙafa.

To yanzu bari in gaya muku inda na jawo wa kaina.

Da aka tura mu asibiti koyon aiki, wanda aka haɗa ni da shi a ɗakin hoto wani dogo ne mai sanyin murya, kullum da farar riga a goge da biro biyu a aljihu. Mansur. Ranar farko ya ɗaga hoton wuyan hannu a jikin fitila ya ce in lissafo masa ƙananan ƙasusuwan nan takwas. Na kawo biyar na tsaya. Bai yi min dariya ba, sai ya miƙo hannunsa ya riƙa nuna min a kan nasa, ɗaya bayan ɗaya. Da na koma gida na tarar da saƙo:

"Gobe takwas nake so, ba biyar ba. In kin kawo akwai fura."

Na kawo takwas. Ya aika aka sayo fura da nono mai sanyi a ƙofar asibiti. Daga nan kullum sai saƙo ya shigo bayan la'asar. "Wane ƙashi ne ya fi kowanne ƙanƙanta?" In ce na cikin kunne, stapes. "Wanne ne ba ya jingine da kowane ƙashi?" In ce na maƙogwaro, hyoid. Wata rana ya rubuto, "Kamar ni ke nan kafin ki zo." Na kifa wayar a kan katifa na rufe fuska da filo, ni kaɗai a ɗaki ina jin kunya.

Sai da muka yi wata biyu sannan ya ce yana son mu yi magana. Muna zaune a bencin bayan ɗakin hoto, ya ce, "Amatu, na san 'yar gidan wa ce ke tun ranar da na ga sunanki. Ke ce ba ki san ni ba. Ni ƙanen Sada ne."

Ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Ina makarantar kwana a Katsina abin ya faru. Da na dawo hutu yara suka fara ce min ƙanen mai kisa. Umma ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna. Da na sami aiki na ɗauko ta daga Baure na dawo da ita nan. In kin ce in rabu da ke, zan rabu da ke, ba zan ga laifinki ba."

Ban ce ya rabu da ni ba. Ku yi min duk hukuncin da za ku yi.

Da maganar ta isa gida, sai bayan kwana biyu Baba ya ce shi bai ga laifin yaro ba, kowa da abin da hannunsa ya aikata. Inna ce ta ƙi. Tana tankaɗen garin dawa na same ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba da shi ba."

"Inna, shi me ya yi?"

"Na ce ba da shi ba. Ki kawo kowa a garin nan, ko mai tura baro ne, zan sa albarka. Ban da gidan nan."

"Ko laifin wansa ne, ai..."

"Amatu." Ta ajiye rariya. "Kada ki sake kawo min sunan gidan nan cikin ɗakina."

Kawunaina suka sa baki, ƙanwar Baba ta zo daga Zango ta kwana biyu tana lallashi, Inna ba ta motsa ba. Aka fara turo min wasu: wani malamin firamare, wani mai shagon atamfa. Ina fita zance in zauna kamar an dasa ni, in dawo. Haka muka yi wata bakwai.

Ranar wata Talata, ana tsakiyar zafin bazara, ina cikin aji muna bitar ƙasusuwan kai, wayata ta yi motsi a jaka. Mansur ne.

"In kin tashi ki biyo ta asibiti. Kada ki fara zuwa gida."

Na rubuta, "Lafiya?"

"Ki zo dai."

Na same shi a ɗakin hoto shi kaɗai, ya kashe fanka, fuskarsa ta yi wani iri. Ya ce in zauna. Ya ce wasu manoma a wani ƙauye kusa da Babban Mutum sun shiga yasar wata tsohuwar rijiya da aka daɗe da barinta, suna so su farfaɗo da ita kafin damina. A ƙasa, cikin yashi, suka tarar da ƙasusuwan mutum. 'Yan sanda sun kwaso sun kawo, likita ya duba, shi kuma aka sa shi ya ɗauki hotuna.

"Ni na jera su a kan tebur da hannuna," in ji shi. "Ban kawo komai a raina ba sai da na zo hannun hagu."

Ya miƙo min takardar likita. Layi shida ne da Turanci. Namiji. Shekaru tsakanin ashirin da talatin. Ya daɗe a wurin, shekaru da dama. Sai layi na huɗu: tsohuwar karaya da ta warke a ulna ta hagu. Layi na biyar: karaya a parietal, wato gefen ƙoƙon kai, wadda ba ta nuna alamar warkewa ba.

Duk wanda ya yi ajinmu ya san ma'anar wannan. Ƙashin mai rai ne yake warkewa. Karayar da ba ta fara haɗewa ba, da ita mutum ya mutu.

"Kin taɓa ce min Harisu ya karye a hannun hagu yana yaro," ya ce.

"Daga kan kanya ya faɗo. Baba ne ya ɗora shi."

"Shi ya sa na kira ki. Na gaya wa ɗan sandan da ke riƙe da maganar, ya ce a zo da wani daga gidanku gobe."

Na dube shi. "Mansur, ka san abin da wannan yake nufi in shi ne? Mutane za su ce ga shaida."

"Na sani."

"Kuma ka kira ni."

"Shekara tara Innarku tana share ɗaki. In wana ne ya yi, to ya yi. Ba zan ɓoye muku gawarku don in rufa wa gidanmu asiri ba."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ya ɗaga hoton a jikin fitila. Ga dogayen ƙasusuwan sangalin hannu guda biyu, fari fat, ɗaya da ɗan kumburi a tsakiya kamar gaɓar rake. Na ga irin wannan hoton ya fi sau ɗari. Ban taɓa jin cewa hoton yana kallona ba sai ranar.

Da na isa gida Inna tana maƙwabta wajen barka. Baba yana zaure shi kaɗai, yana shafa wa wasu kara man shanu. Na durƙusa, na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya goge hannunsa a tsumma ya ce, "Karanta min takardar."

Na buɗe hoton takardar da na ɗauka a waya, ina karantawa ina fassarawa. Da na zo layi na huɗu ya ɗaga hannu.

"Wannan sunan da kika faɗa. Wanne ne a cikin biyun?"

"Ulna, Baba."

"Ban san shi da wannan sunan ba. Nuna min."

Na miƙa hannuna na hagu, na bi gefen da yatsa. "Wanda ya taso daga gwiwar hannu ya sauko ta gefen ƙaramin yatsa. Ɗayan, na gefen babban yatsa, shi ne radius."

"Na gefen ƙaramin yatsa," ya maimaita. "A ina ya karye? Kusa da wuyan hannu?"

"A'a. A tsakiya."

Baba ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya ce, "Kada ki gaya wa mahaifiyarki tukuna. Gobe da hantsi za mu je."

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula zanna, abin da ba ya yi sai da dalili. Ni na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka. Muka ce wa Inna asibiti za mu, wani mai karaya ake so Baba ya gani. Ta dube mu ta ce a dawo lafiya.

Ɗakin da aka kai mu yana can ƙarshen asibitin, bayan wata bishiyar darbejiya. Akwai ɗan sanda mai furfura a gemu, da ma'aikacin ɗakin, da Mansur a tsaye a bakin ƙofa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba. Baba ya amsa, ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba.

Aka yaye farin ƙyalle.

Ba irin na ajinmu ba ne. Na ajinmu fari ne, a haɗe da waya, kana iya yi masa wasa. Waɗannan launin ƙasa ne, a warwatse, an jera su yadda ya kamata amma da tazara a tsakaninsu, kamar mutumin ya saki jikinsa gaba ɗaya. Wasu ƙananan babu su. Bakina ya fara lissafi da kansa ba tare da na sa shi ba: clavicle, sternum, haƙarƙari goma sha tara maimakon ashirin da huɗu, pelvis, patella guda ɗaya. Ina jin in na daina kiran sunayen zan faɗi. Ban yarda na kalli ƙoƙon kan ba.

Aka ba Baba safar hannu. Ya ce a yi masa haƙuri, yatsansa ba ya gani ta cikin roba. Ɗan sandan ya ce ya taɓa. Baba ya yi bismilla, ya ɗauki ƙashin gefen babban yatsa tukuna. Ya rufe ido, ya bi shi tun daga sama har ƙasa, ya daɗe a wajen wuyan hannu, yana komawa yana dawowa. Ya ajiye. Ya ɗauki ɗayan. Yatsansa na isa kan kumburin nan ya tsaya cak. Ina tsaye kusa da shi, ni kaɗai na ji numfashin da ya ja.

Ya ajiye shi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Ba ɗana ba ne," ya ce.

"Ka tabbata, Malam?" in ji ɗan sandan.

"Nawa a wuyan hannu ya karye, ta gefen babban yatsa. Wannan nasa lafiya lau yake a wurin. Ba shi ba ne."

"Ko kana da wani tunani a kan ko wane ne?"

Baba ya ɗauki lokaci yana gyara hannun rigarsa. "Abin da kuka kira ni in duba, na duba."

A waje Mansur ya jingina da bango ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idonsa ya yi ja amma yana murmushi. Ya matso ya ce min a hankali, "Jiya ban runtsa ba, Amatu. Na ɗauka yau zan tabbata ƙanen mai kisa. Kin ga, wataƙila suna can su biyun a wani wuri. Wataƙila babu wanda ya kashe wani." Na ce masa Allah ya sa. Har ga Allah ni ma na ji sanyi a raina a lokacin. Ya raka mu bakin titi, ya tsayar mana da mai keke, ya ce zai je gida ya gaya wa Umma.

Ba mu yi nisa ba Baba ya ce wa mai keken ya sauke mu. Saura tafiya mai yawa kafin gida, rana kuma ta take. Ya nufi gindin wata tsamiya a bayan wani kango, inda babu kowa sai awaki, ya zauna a kan tushen. Na tsuguna a gabansa.

"Ɗorina ne," ya ce.

"Baba, ka ce ba..."

"Ba yayanki ba ne. Amma ni na ɗora wannan hannun. Na san aikina kamar yadda kika san rubutunki. Ya ɗan karkace ta ciki, don yaron bai bari ya cika kwanakinsa ba ya kwance karan." Ya share gumi da gefen rigarsa. "Shekara biyu kafin su ɓata, rigima ta tashi a kasuwar shanu, wani ya kawo wa yayanki sanda a ka. Abokinsa ya sa hannu ya tare. Nan sandar ta sauka, a gefen ƙaramin yatsa. Ya yi wata guda a shagon ƙofar gida yana jinya, ya roƙe ni kada a aika Baure, don mahaifiyarsa tana fama da hawan jini."

Sai na tuna. Na tuna ina kai musu kunu da safe, wani yana karɓa da hannun dama, na hagun a rataye da tsohon ɗankwalin Inna. Yana ce min 'yar makaranta.

"Sada ne," na ce.

Baba ya gyaɗa kai.

Na zauna a ƙasa, ban damu da rigata ba. Shekara tara ana zagin mutumin nan. Shekara tara mahaifiyarsa ba ta shiga taro. Ashe yana kwance a ƙasan rijiya da rami a gefen kansa. Kuma ƙanensa ne ya jera shi a kan tebur, ƙashi bayan ƙashi, ya ɗauke shi hoto, bai san wansa yake taɓawa ba.

Daga nan sai ɗaya tambayar ta zo, wadda na ga Baba ya riga ni isa gare ta tun jiya. Su biyu suka hau babur ɗin. Mutum ɗaya aka samu a rijiya.

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba, Baba?"

"Bakina ne ya ƙi." Ya kalli tafin hannunsa. "Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Ban taɓa kwana da irin wannan ba, kuma ba na jin zan iya. Yaron nan yana da haƙƙi a yi masa sutura, a binne shi da sunansa. Sai dai ina so mahaifiyarki ta ji daga bakina kafin ta ji a gari."

Da ƙafa muka ƙarasa.

Mun tarar da Inna a tsakar gida, a inuwar ɗakin girki, tana tsince shinkafa a faranti. Ta sa atamfarta mai ruwan goro wadda ta koɗe, ɗaurin ɗankwalin ya zame baya, furfurarta a waje. Ta dube mu sau ɗaya ta mayar da kai.

"Maƙwabta sun ce an tono mutum a rijiya wajen Babban Mutum," ta ce. "Can kuka je."

Baba ya ce, "Can muka je. Hasana, ajiye farantin nan, zan yi miki magana."

Ba ta ajiye ba. Ta ɗauke wani ɗan dutse ta jefar.

"Sada ne ko?"

Na kalli Baba. Bai gaya mata ba, ni ban gaya mata ba, duk duniya mu biyu ne muka sani. Baba ya yi tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a cire.

"Wa ya gaya miki?"

"Babu wanda ya gaya min yau." Yatsunta suna ta motsi a cikin shinkafar amma ba ta tsintar komai. "Kwana uku bayan sun tafi, ranar Juma'a, kuna masallaci, Amatu tana gidan ƙanwarka. Yayanta ya hauro ta katangar baya. Rigarsa duk ƙasa. Ya ce sun yi faɗa da Sada a hanya, ya ture shi, bai san akwai rijiya a wurin ba. Ya ce ya kira shi har muryarsa ta dushe, bai amsa ba. Ban tambaye shi komai ba bayan wannan. Na ba shi ruwa ya sha, na ba shi wata rigar, ya koma ta inda ya shigo."

"Hasana," in ji Baba.

"Ɗana ne, Malam."

"Shekara tara ina yi masa addu'ar mamaci. Kina ji na."

"Ina jin ka."

"Mahaifiyar Sada kuma tana can ana nuna ta."

Sai a lokacin farantin ya karkace a cinyarta, shinkafa ta zube. Ta juyo gare ni, kuma ban taɓa ganin idon Inna haka ba, kamar na wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu aka buɗe masa ƙofa.

"Kin ga dalilin da na ce ba da shi ba. Ba ƙin yaron nake ba. Ta yaya zan zauna da uwarsa a matsayin surukai, in ci abinci da ita, in karɓi jikanta a hannuna? Ta yaya?" Ta kamo wuyan hannuna ta riƙe da ƙarfi. "Yana raye, Amatu. Sau ɗaya a shekara yake kira, ba ya faɗin inda yake. Yana da 'ya'ya biyu. In kika buɗe baki, kin san abin da za a yi masa."

Baba ya zauna a kan turmi, ya cire hularsa ya riƙe. Kaji suka zo suna tsattsagar shinkafar da ta zube, babu wanda ya kore su.

Wayata ta fara ruri a cikin jaka. Na san wane ne tun kafin in duba. Ta katse, ta sake farawa. Inna ba ta saki hannuna ba, sai na ɗaga da ɗayan.

Muryarsa a sake take, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba.

"Amatu, na gaya wa Umma. Ta yi sujada, ta yi kuka, sannan ta ce in kawo mata mayafinta. Shekara tara rabon da ta ce a kai ta gidan wani. Ta ce tunda ba Harisu ba ne, ita da Innarku jira ɗaya suke yi, gara su yi shi tare." Ya ɗan yi dariya. "Ki yi mana iso. Muna ƙofar gidanku."

Daga zaure na ji muryar tsohuwa, siririya, tana ɗan rawa, ta yi sallama.